Shekara 5 na ganiyar Stevie Wonder da shekara 10 da suka riga su

 

A cikin wasiƙun da suka iso mini a makon jiya akwai wadda ta hana ni sakat. Wani ɗalibi ne ɗan aji 2 na babbar sakandare ya rubuto. Ya ce yana da murya, ya riga ya rubuta waƙoƙi da dama, abokansa suna yaba masa, har wani mai situdiyo a unguwarsu ya ce ya zo su sa hannu a takarda a fara aiki. Tambayarsa ita ce: ya ajiye karatu ya rungumi waƙa tun yana da ƙuruciya, ko ya zauna a aji har lokaci ya wuce shi? Na sakaya sunansa, domin na san ba shi kaɗai ke wannan tunani ba.

Amsar da zan ba shi tana cikin labarin wani mawaƙin Amurka, Stevie Wonder. Masana kiɗa sun yi ittifaƙi cewa daga 1972 zuwa 1976 ya yi aikin da ba kasafai mawaƙi ɗaya ke yin irinsa ba: faifai 5 a jere. Yana da shekara 21 ya fara, yana da 26 ya kammala. Mu bi sawunsa mu ga daga ina wannan ganiya ta fito.

Yaron da ya fara da wuri

An haifi Stevland Hardaway Judkins ranar 13 ga Mayu, 1950 a garin Saginaw na jihar Michigan. Bakwaini ne, ya zo duniya saura mako 6 lokacin haihuwarsa ya cika, sai aka sa shi a kwalba. Iskar da aka riƙa ba shi a kwalbar ta yi yawa, ta lalata masa idanu, ya makance tun yana jinjiri. Yana ɗan shekara 4 mahaifiyarsa, Lula Mae Hardaway, ta koma da 'ya'yanta birnin Detroit. A can ya fara rera waƙa a coci, ya koyi fiyano da ganguna da hamonika, wato ɗan ƙaramin abin busa da ake gogawa a leɓe.

A 1961, yana da shekara 11, wani mawaƙi mai suna Ronnie White ya kai shi kamfanin Motown, kamfanin waƙa na baƙaƙen fata da Berry Gordy ya kafa a Detroit. Suka ɗauke shi, suka laƙaba masa suna Little Stevie Wonder, ma'ana ƙaramin Stevie abin al'ajabi. A 1963 waƙarsa "Fingertips" ta hau matsayi na 1 a jerin mujallar Billboard, wadda ke lissafa waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka duk mako. Shekararsa 13 a lokacin.

Na san ƙanena mai wasiƙa zai yi tsalle ya ce, to ai ka gani, shi ma da wuri ya fara! Dakata tukuna, akwai abin da ba a cika faɗa ba. Stevie bai bar karatu ba. An sa shi a makarantar makafi ta jihar Michigan da ke garin Lansing a lokacin, aka kuma ɗauki wani malami mai suna Ted Hull yana binsa duk inda ya je wasa. Manyan mawaƙa suna hutawa a masauki, shi yana zaune da littattafansa na rubutun makafi.

Sannan duk sunan da ya yi, kuɗin ba su shiga aljihunsa ba. Tunda yaro ne, aka riƙa tara masa kasonsa a wani asusu da ba zai taɓa ba sai ya cika shekara 21. Abin da ake ba shi na kashewa a farko dala 2 da rabi ne a mako. Haka kuma ba shi ke zaɓar yadda waƙarsa za ta kasance ba. Berry Gordy ya taɓa aiki a masana'antar ƙera motoci, kuma haka ya tsara kamfaninsa: wasu ne ke rubuta waƙa, wasu ke kiɗa, wasu ke haɗa sauti, mawaƙi ya zo ya ɗora murya. Duk ranar Juma'a a zauna taro a tace, wadda ba ta gamsar ba a ajiye ta.

Da muryarsa ta fara buɗewa irin ta samari, kasuwarsa ta ja baya, har aka fara tunanin sallamarsa. Wata marubuciyar waƙa a kamfanin, Sylvia Moy, ita ta roƙi a ƙara masa dama. Tare da ita da Henry Cosby suka tsara waƙar "Uptight" a 1965. Ranar ɗaukarta ba a samu an rubuta masa baitocin da rubutun makafi ba, sai ta riƙa rera masa layi bayan layi a kunne yana maimaitawa. Waƙar ta karɓu, ta ceci aikinsa.

Shekara 10 ya yi a wannan gida yana yaron wasu. Sai dai bai yi zaman banza ba. Yana maƙale da makaɗan kamfanin, yana sauraren yadda mai ganga ke riƙe amo, yadda ake jera muryoyin amshi, yadda ake gina waƙa daga farko har ƙarshe. Zuwa 1970 ya iya haɗa waƙa da kansa, ya fitar da "Signed, Sealed, Delivered", wadda har mahaifiyarsa tana cikin waɗanda suka rubuta ta.

Ranar da ya cika 21

Ranar 13 ga Mayu, 1971 ya cika shekara 21, yarjejeniyar da aka sa wa hannu da sunansa yana yaro ta daina ɗaure shi. Kamfani ya so ya sabunta, shi kuwa ya ƙi gaggawa. Ya karɓi abin da aka tara masa, kimanin dala miliyan 1, ya tattara ya koma birnin New York, ya riƙa biyan kuɗin situdiyo daga aljihunsa.

A can ya nemi wasu mutum 2, Malcolm Cecil ɗan Ingila da Robert Margouleff ɗan Amurka, bayan ya ji wani faifai da suka yi. Waɗannan mutane sun harhaɗa wata ƙatuwar na'urar ƙirƙirar sauti da suka sa wa suna TONTO. Ba kamar fiyano ko jita ba, ita wannan da wutar lantarki take samar da amo, kuma ana iya murɗa amon a siranta shi ko a kumbura shi yadda ake so. Girmanta ya kusa cika ɗaki, ga wayoyi ko'ina. A wancan zamani yawancin mutane suna ɗaukar irin wannan na'ura a matsayin abin fitar da ƙara mai ban mamaki kawai. Stevie ya ce waƙa zai yi da ita. Yakan kwatanta musu amon da yake ji a kansa, su yi ta murɗe-murɗe har ya fito, shi kuma ya kaɗa.

Ku lura, mutumin da ya riga ya shekara 10 yana harkar waƙa ne ya koma ɗalibi a gaban sabuwar na'ura. Suna aiki dare da rana, galibi har wayewar gari. Hanyar da suke bi ita ce ɗora sauti a kan sauti: a ɗauki kiɗan gangunansa a layi ɗaya na tef, a mayar masa a kunne ya ɗora fiyano a wani layi, sannan amon ƙasa mai kauri, sannan muryarsa, sannan amshi. Ta haka mutum ɗaya ya zama ƙungiya guda.

Da ya tara waƙoƙi masu yawa, sai ya koma teburin ciniki da Motown, wannan karo da lauyansa, Johanan Vigoda. Sabuwar yarjejeniyar ta kai shafi 120. A cikinta ya samu ƙarin kaso daga cinikin faifansa, ya samu ikon yin waƙarsa yadda ya ga dama ba tare da taron Juma'a ya tace masa ba, kuma haƙƙin mallakar sababbin waƙoƙinsa ya koma ƙarƙashin kamfaninsa na kansa, Black Bull Music. A gidan Motown na wancan lokaci wannan abu ne da ba a saba gani ba.

Faifai 5 a jere

Na farko, "Music of My Mind", ya fito a watan Maris na 1972. Kusan duk kayan kiɗan da ke ciki shi ya kaɗa su. Bai yi kasuwa can-can ba, amma masu kunne sun gane cewa yaron nan ya canza.

A nan ya kamata in yi muku bayanin wasu kalmomi 2. Kiɗan sol ya samo asali ne daga waƙoƙin coci na baƙaƙen fatan Amurka da kiɗansu na gargajiyar birni, ƙarfinsa yana cikin murya da shauƙi. Kiɗan rok kuwa jitar lantarki ce ginshiƙinsa, kuma a wancan lokaci yawancin masu saurarensa matasan fararen fata ne, duk da cewa tushensa ma daga kiɗan baƙaƙen fata yake. Gidajen rediyo sun rabu, kowa da nasa. A tsakiyar 1972 Stevie ya bi ƙungiyar rok ta Ingila, Rolling Stones, zagayen wasanni a Amurka da Kanada, shi ke buɗe musu fage. Dubban matasan da ba su taɓa sayen faifan Motown ba suka ji shi da kunnensu.

A watan Oktoba na shekarar ya fitar da "Talking Book". A bangon bugun farko har da saƙo cikin rubutun makafi. Waƙoƙi 2 daga ciki suka hau matsayi na 1: "You Are the Sunshine of My Life", ta soyayya, da "Superstition", wadda ke jan kunne a kan camfi. Amon nan mai tsalle-tsalle da ke buɗe "Superstition" daga kilabinet ya fito, wani ɗan fiyano na lantarki da kamfanin Hohner na Jamus ke ƙerawa a wancan lokaci. Asalin waƙar ma a zama da Jeff Beck aka haife ta, gwanin jita na kiɗan rok daga Ingila, wanda ya yi kiɗa a wata waƙar ta cikin faifan. Masu rok suka ce tasu ce, masu sol suka ce tasu ce.

Na 3, "Innervisions", ya fito ranar 3 ga Agusta, 1973. A nan ya juya ga halin da jama'arsa ke ciki. Waƙar "Living for the City" labarin wani saurayi ne ɗan talakawa daga jihar Mississippi da ya tafi New York neman na kansa. Saukarsa daga mota ke da wuya aka yaudare shi ya riƙe wa wani kaya, 'yan sanda suka kama shi, kotu ta ɗaure shi shekara 10. A tsakiyar waƙar za ka ji ƙarar motoci da jiniya da muryar alƙali, tamkar kana sauraren wasan kwaikwayo a rediyo. Mutumin da bai taɓa ganin titin birni ba shi ya zana shi da sauti.

Kwana 3 da fitowar faifan, ranar 6 ga Agusta, motar da yake ciki ta yi karo da wata babbar mota a jihar North Carolina. Ya ji mummunan rauni a ka, ya yi kwana 4 cikin dogon suma. Da ya farfaɗo, jin ƙamshinsa ya ragu, ɗanɗanonsa ma ya ɗauke na wani lokaci. Mutane da yawa sun ɗauka shi ke nan. A watan Maris na 1974 "Innervisions" ya ci kyautar Grammy ta faifan shekara, babbar kyautar masana'antar waƙa ta Amurka, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya ci wannan kyauta.

A watan Yuli na 1974 ya fitar da na 4, "Fulfillingness' First Finale", mai sanyi da zurfin tunani irin na wanda ya leƙa lahira ya dawo. Duk da haka akwai waƙa mai zafi a ciki, "You Haven't Done Nothin'", wadda ya caccaki shugaban ƙasa Richard Nixon da ita, 'yan ƙungiyar Jackson 5 suna masa amshi, har da Michael Jackson yana matashi. A watan Agusta na shekarar Nixon ya yi murabus saboda abin kunyar Watergate. Wannan faifai ma ya ci kyautar faifan shekara.

A 1975 bai fitar da komai ba. Har ya yi maganar barin waƙa ya koma Ghana ya yi aiki da yara naƙasassu, daga baya ya fasa, ya sa hannu a sabuwar yarjejeniya da Motown wadda ta fi duk wadda aka taɓa ba mawaƙi tsoka a lokacin. Da mawaƙi Paul Simon ya karɓi kyautar faifan shekara a 1976, cikin raha ya gode wa Stevie Wonder saboda bai fitar da faifai ba a wannan shekara.

Shekara 2 ya yi yana aiki a kan na 5. Kamfani ya ƙosa, masoya sun gaji da jira, ya ce bai gama ba. "Songs in the Key of Life" ya fito ranar 28 ga Satumba, 1976 da waƙoƙi 21. A makon farko ya hau matsayi na 1, abin da babu wani mawaƙin Amurka da ya taɓa yi kafinsa, ya kuma yi mako 13 a jere a wurin. A ciki akwai "Sir Duke", ta girmama Duke Ellington, gwanin kiɗan jaz da ya rasu a 1974, da sauran magabatan da ya koya daga gare su. Akwai "Isn't She Lovely", ta murnar haihuwar 'yarsa Aisha. Akwai wadda ya rera wani ɓangarenta da harshen Zulu na Afirka ta Kudu. Akwai "Pastime Paradise", wadda mawaƙin gambara Coolio ya ɗauki kiɗanta a 1995 ya gina shahararriyar waƙarsa a kai.

Ga wani abu da zai ba ku sha'awa. Daren da wannan faifai ya ci kyautar faifan shekara, a watan Fabrairu na 1977, Stevie Wonder yana Legas. Ya zo bikin FESTAC na al'adun baƙaƙen fata na duniya, bikin nan da aka yi gagarumin hawan dabarsa a Kaduna. Ta tauraron ɗan'adam aka haɗa shi da zauren taro a Amurka. Faifai 3 a jere, kyauta 3 cikin shekara 4.

Bayan ganiya

Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Faifan da ya biyo baya a 1979, wanda ya yi wa wani fim a kan tsirrai, ya rikita masoyansa da dama. Ya ci gaba da yin waƙoƙin da suka zagaye duniya, irin su "I Just Called to Say I Love You" ta 1984, amma masana ba sa jera su da na waccan shekara 5. Kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: Cecil da Margouleff, da suka yi faifai 4 tare da shi, sun rabu da shi suna ƙorafin ba su samu ladan da ya dace da wahalarsu ba. Wannan ma darasi ne ga duk wanda zai yi aiki da aboki ba tare da an rubuta komai ba.

Sunan da ya tara bai bar shi a banza ba. Da waƙarsa "Happy Birthday" ta 1980 ya jagoranci neman a ware ranar hutu don tunawa da Martin Luther King, aka sa hannu a dokar a 1983. Da ya karɓi kyautar Oscar a 1985 ya sadaukar da ita ga Nelson Mandela, wanda ke kurkuku a lokacin, gidan rediyon gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ya haramta sa waƙoƙinsa. Ghana kuwa da ya daɗe yana ƙauna, ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa ranar 13 ga Mayu, 2024, ranar da ya cika shekara 74.

Amsa ga mai wasiƙa

To ƙanena, ka ce kana tsoron lokaci ya wuce ka. Yi lissafi da kanka. Yaron da duniya ta san shi yana da shekara 13 sai da ya kai 22 kafin ya yi "Superstition". Abin da ya kai shi can shi ne shekara 10 na sauraro da koyo, da karatun da bai yar ba, da haƙurin da ya yi ranar da aka miƙo masa takarda ya ƙi sa hannu sai da ya san abin da yake so a rubuta a ciki. Da ya yi gaggawa ya sabunta tsohuwar yarjejeniya a 1971, da wataƙila taron Juma'a ya ajiye "Living for the City" a ce ta yi tsawo ko ta yi zafi.

Saboda haka kada ka sa hannu a takardar mai situdiyon nan yanzu. Ka karɓo kwafinta ka kai wa mahaifinka ko mahaifiyarka ko wani babba da ya san doka. A duba abu 3: wa zai mallaki waƙoƙin, shekara nawa takardar za ta ɗaure ka, kuma nawa ne kasonka idan an yi ciniki. Idan ya ce ba zai ba ka kwafi ba, ka riga ka samu amsarka. Ka ci gaba da rubuta waƙoƙinka a littafi, kowacce da kwanan wata. Ka nemi ka iya kaɗa abu ɗaya da hannunka, ko fiyano ne, ko jita, ko kalangu. Darasin Hausa da ake koya muku na karin waƙa da amsa-amo kayan aikinka ne, Turanci da lissafi kuwa su za su karanta maka takarda su ƙirga maka kuɗi. Muryarka ba za ta gudu kafin ka gama aji 3 ba.

Sauran 'yan aji kuma, idan akwai makaho ko wani mai naƙasa a makarantarku, ku tuna da Sylvia Moy. Ba tausayi ta nuna wa Stevie ba, aiki ta yi da shi, ta nemo dabarar da zai karɓi baitoci ta kunne.

Aikin wannan mako: ku nemi waƙar "Superstition" ku saurari daƙiƙa 30 na farko sau 3. Ku rubuto mini wane kayan kiɗa ne ya fara shigowa, wanne ya biyo baya, kuma a ina murya ta shigo. Zan buga sunayen waɗanda suka dace tare da makarantunsu. Sai mako mai zuwa, ku huta lafiya.